Zafin Ɗaki da Farashin Gida a Birnin Sakkwato

Sharhin yau ya shafi wani al'amari da kowane magidanci a birnin Sakkwato yake ji a jikinsa, amma ba ya ganin sa a cikin takardar ciniki, wato dangantakar da ke tsakanin zafin da gida yake tarawa, da yawan wutar lantarki ko man fetur da ake ƙonawa kafin a iya zama a cikinsa, da kuma kuɗin da ake sayar da gidan ko ake ba da shi haya. A ƙasashe da dama an daɗe da mayar da wannan abu abin aunawa da rubutawa, har kasuwa ta fara biyan gida mai tsimin makamashi fiye da maƙwabcinsa mai ɓarna, alhali a Sakkwato, inda buƙatar ta fi tsanani, gidan da ke gasa mazauna cikinsa da gidan da ke hutar da su sukan tashi a kuɗi ɗaya matuƙar girmansu da unguwarsu da adonsu sun yi daidai.

Yanayin garin shi ne tushen maganar. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40 da rana, da dare kuma yakan tsaya sama da digiri 25, ta yadda bangon da ya sha rana tun hantsi ba ya samun damar hucewa kafin gari ya sake wayewa. A da, maganin wannan shi ne shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai dai ƙarancin fili a sababbin unguwanni, da tsarin gidajen haya da ba su da tsakar gida, da fargabar tsaro, sun mayar da mutane da yawa cikin ɗaki, inda rayuwa ta dogara ga fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Kuɗin tayar da waɗannan na'urori kuwa ya sauya ƙwarai a cikin ɗan lokaci. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai ga haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, abin da ya sa janareta ya gagari gidaje masu yawa. A ranar 3 ga Afrilu 2024 kuma Hukumar Kula da Harkar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya na wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a kullum, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, kafin daga baya ya daidaita a kusan naira 210. A wannan rana ta 3 ga Afrilu ce, cikin watan azumi, aka auna zafin digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a tsakiyar wata guguwar zafi da ta mamaye yankin Sahel wanda Sakkwato take cikinsa.

Lissafi mai sauƙi yana nuna nauyin abin. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin yunit ɗaya ko fiye a kowace awa idan tana aiki sosai, saboda haka awa 8 na barci, a farashin rukunin A, suna kama wajen naira 1,700, wanda a wata guda ya kai kimanin naira 50,000 a kan ɗaki ɗaya tak, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na doka tun Yulin 2024 shi ne naira 70,000. Duk abin da zai rage wannan kuɗi a cikin ginin kansa, dukiya ce da ya kamata ta bayyana a farashin gida.

Abin da ake kira auna tsimin makamashin gida shi ne a tura ƙwararre ya duba rufi da bango da tagogi da fitilu da na'urorin ɗumamawa ko sanyayawa, ya ƙiyasta yawan makamashin da gidan yake buƙata a shekara domin zama mai daɗi, sannan ya ba shi daraja a kan wani ma'auni da kowa zai iya karantawa. Tarayyar Turai ta kafa dokar hakan a 2002, Faransa ta fara aiki da tata takardar a 2006, Ingila da Wales kuma a 2007, inda ake jera gidaje daga harafin A, mafi tsimi, zuwa harafin G, mafi ɓarna, kuma ba a sayar da gida ko a ba da shi haya sai an nuna wa mai so wannan takarda. Yankin babban birnin Ostireliya ya riga su, domin tun 1999 yake tilasta wa mai sayar da gida ya bayyana yawan taurarin da gidansa ya samu.

Da takardun suka taru sai masana tattalin arziki suka samu damar tambayar ko masu saye suna la'akari da su. Hanyar da suke bi ita ce su tattara dubban cinikayya, su ware tasirin kowace siffa ta gida ita kaɗai, kamar girma da unguwa da shekarun gini da yawan ɗakuna, domin su ga abin da ya rage wanda darajar makamashi ce kawai za ta iya bayyana shi. Dirk Brounen da Nils Kok, a binciken da suka wallafa a 2011 kan ƙasar Holan, sun gano cewa gida mai harafin A yana samun ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 a kan makamancinsa mai harafin D, yayin da mai harafin G yake faɗuwa da kusan kashi 5. A ƙasar Ayalan, binciken Marie Hyland da abokan aikinta na 2013 ya samu ƙarin kusan kashi 9 ga mai harafin A wajen sayarwa, amma ƙasa da kashi 2 wajen haya. Franz Fuerst da abokansa kuwa, bayan sun duba gidaje sama da 300,000 a Ingila, sun ba da rahoto a 2015 cewa masu harafin A da B suna da fifikon kusan kashi 5 a kan masu harafin D. Alƙaluman sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma masanan da kansu suna gargaɗin cewa gida mai tsimi sau da yawa shi ne sabo ko wanda aka kula da shi, don haka wani ɓangare na ƙarin kuɗin na iya zama ladan kyawun gidan ne gaba ɗaya. Duk da haka alƙiblar guda ce: inda aka auna kuma aka nuna, mai saye yana biya.

Dalilin hakan ya koma ga wata ƙa'ida da George Akerlof ya bayyana a 1970, wadda tana cikin ayyukan da suka sa ya samu kyautar Nobel a 2001. Ƙa'idar ita ce, idan mai sayarwa ya san ingancin hajarsa amma mai saye ba shi da hanyar tantancewa, mai saye zai taya kowace haja da farashin matsakaiciya, wanda ya ɓata kuɗi wajen inganta tasa zai yi asara, daga nan sai masu inganci su janye, kasuwa ta cika da marasa kyau. Wannan shi ne ainihin halin da kasuwar gidaje ta Sakkwato take ciki game da zafi. Mai sayen rago a kasuwar Kara yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taɓa gadon baya, ya sa a zagaya da shi kafin ya taya, amma mai sayen gidan miliyoyin naira a unguwar Mabera ko Arkilla ko Bado yakan zo da yamma bayan la'asar, ko a cikin sanyin hunturu, ya duba tayil da silin da fenti da ƙofar gida, ya biya, sai watan Afrilu ya zo sannan ya san abin da ya saya. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, sai dai a kan maganar zafi kusan kowane cinikin gida a garin nan haka yake.

Ba za a ce kasuwar ba ta san darajar makamashi sam ba. Duk wanda ya saurari dillalan gidaje zai ji suna kwarzanta cewa gida yana kan layin da wuta take zama, ko yana da mita mai kati ta kansa, ko an sa masa sola da batir, ko yana da rijiyar burtsatse, kuma waɗannan abubuwa suna ƙara wa gida kuɗi a fili. Abin lura shi ne dukkansu sun shafi samun wutar ne, babu wanda ya shafi rage buƙatarta. Ana biyan kuɗi domin faifan sola da ke kan rufi saboda ido yana ganin sa, amma ba a biyan komai domin abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin rufin don tare zafi, ko domin maginin da ya kauce wa buɗe manyan tagogi ta yamma, alhali kuwa gidan da aka tsara da kyau yana buƙatar ƙaramar sola da ƙaramin batir tun daga farko.

Yadda gini yake tara zafi abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne kuɗin yake zurarewa. A gidan da ba bene ba, irin wanda ya fi yawa a Sakkwato, rufi ne yake karɓar mafi yawan zafin rana, kuma kwano, musamman mai duhun launi irin wanda ake yayi yanzu, yana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi nesa ba kusa ba, sannan ya sauke shi a kan silin, silin kuma ya sauke shi a kan mutane, balle idan ba a bar kafar da iska mai zafi za ta fita daga tsakanin kwano da silin ba. Bulon siminti mai rami, wanda sau da yawa ake zaɓar na inci 6 maimakon na inci 9 saboda tsimin kuɗi, ba ya jinkirta zafi yadda ya kamata, ga shi kuma ana sare itatuwan da ke fuloti kafin a fara gini, a malale tsakar gida da siminti wanda yake mayar da zafin rana cikin ɗakuna har tsakar dare. Tsohon ginin cikin gari, irin wanda har yanzu ake gani a kewayen Kanwuri da Hubbare, ya bi wata hanya dabam: bangon tubali mai kauri, da rufin soro na azara da ƙasa, da ƙananan tagogi a sama, da zaure da tsakar gida masu ba iska hanya. Kaurin ƙasa yana sa zafin rana ya ɗauki awoyi masu yawa kafin ya ratsa zuwa ciki, abin da masana suke kira jinkirin zafi, shi ya sa ɗakin soro yake da sanyi da tsakar rana kuma yake da ɗumi a daren hunturu. Ginin ƙasa yana da nasa wahalhalu, domin yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, azara ta yi tsada saboda ƙarancin giginya, kuma ambaliya tana rusa shi, kuma waɗannan dalilai ne na gaskiya da suka sa mutane suka koma ga siminti, musamman a garin da kamfanin siminti na Kalambaina yake aiki tun 1967. Amma kasuwa ta wuce gona da iri, domin ta kai ga ɗaukar gidan ƙasa a matsayin fili kawai da za a rushe, ba ta ba sanyinsa darajar ko kwabo.

Cewa ana iya haɗa ƙarfin zamani da sanyin ƙasa ba hasashe ba ne. A ƙetaren iyaka, a ƙauyen Dandaji na jihar Tawa a Nijar, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka kuma mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, kuma kafin nan, a 2016, suna cikin waɗanda suka gina rukunin gidajen Niamey 2000 a birnin Yamai da irin wannan tubali domin masu matsakaicin ƙarfi. Yanayin Tawa da Yamai ɗan'uwan na Sakkwato ne.

Najeriya ma tana da ƙa'ida a rubuce. A 2017 Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus da Tarayyar Turai, ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin tsimin makamashi a gine-gine, wanda ya tanadi cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai dai idan an yi musu inuwa, a sanya abin tare zafi a rufi, fitilu kada su wuce wat 6 a kowace murabba'in mita, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta kasance mai inbata, wato mai rage gudu da kanta idan ɗaki ya yi sanyi. Kundin ya kuma kawo tsarin ba gini taurari daga 1 zuwa 5. Sai dai amincewa da zanen gini a Najeriya aikin jihohi ne, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, saboda haka kundin tarayya ba ya ɗaure maginin Sakkwato sai hukumar tsara birane ta jihar ta shigar da shi cikin sharuɗɗanta.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin kwafo ma'aunin Turai kai tsaye zai ɓatar da mutane. Ma'aunin can an gina shi ne a kan gidajen da wuta ba ta yankewa kuma babban kuɗinsu na ɗumama ɗaki ne a lokacin sanyi. Idan aka auna gidan Sakkwato da yawan wutar da ya ci a shekara, gidan talakan da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, wanda wuta ba ta zuwa masa sai awa 4 ko 8, shi ne zai zo na ɗaya, alhali mazauna cikinsa su ne suka fi kowa shan azaba. Tambayar da ta dace da Sakkwato ita ce: idan aka ɗauke wuta da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, digiri nawa ne a cikin ɗakin kwana, kuma nawa ne da ƙarfe goma na dare? Wannan abu ne da ake iya aunawa da ƙaramin ma'aunin zafi mai ajiye bayanai, a haɗa da dubawar ido a kan launin rufi, da abin tare zafi, da kaurin bango, da fuskar da tagogi suke kallo, da ko iska tana iya shiga ta wani gefe ta fita ta wani, da inuwar itace. Garin yana da masu iya tsara irin wannan ma'auni, tun da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana aiki a kan hasken rana da makamashi tun farkon shekarun 1980.

Bayyana halin gida ga mai saye kuma ba baƙon abu ba ne a garin da aka gina a kan ilimin fiƙihu. Littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Sakkwato, irin su Risala da Mukhtasar, sun yi bayanin cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da ita idan aibin ya bayyana daga baya. Ko tsananin zafin ɗaki ya kai matsayin aibin da ke warware ciniki, wannan hukunci ne na malamai, amma manufar a bayyane take, cewa kada ɗayan masu ciniki ya ci ribar jahilcin ɗayan, kuma takardar darajar gida hanya ce ta cika wannan manufa ba tare da jayayya ba.

Matsala mafi wuya tana wajen haya, kamar yadda ƙaramin adadin da aka samu a Ayalan ya nuna. Mai gida shi ne yake biyan kuɗin gyaran rufi, ɗan haya kuma shi ne yake cin moriyar sanyi da ragin kuɗin wuta, saboda haka babu abin da zai sa mai gida ya kashe kuɗi sai idan gyaran zai ƙara masa haya ko ya sa gidansa ya daina zama babu kowa. A Sakkwato, inda ake biyan hayar shekara gaba ɗaya tare da la'adar dillali, ɗan hayar da ya gano zafin ɗaki bayan ya tare ba shi da mafita sai shekara ta zagayo. Turawa sun bi hanyar tilastawa: Ingila ta hana ba da sabuwar hayar gidan da bai kai harafin E ba tun Afrilun 2018, Faransa kuma ta hana ƙara kuɗin hayar gidaje masu harafin F da G tun Agustan 2022, sannan ta hana ba da hayar masu harafin G daga 1 ga Janairu 2025. Irin wannan hani bai dace da Sakkwato a yanzu ba, domin garin yana fama da ƙarancin muhalli, ga kuma jama'ar da rashin tsaro ya koro daga gabashin jihar, kuma rufe ɗakunan haya masu araha zai jefa talaka a titi ne. Abin da ya dace shi ne a fara da bayyanawa, a bar kasuwa ta yi aikinta, a kuma sauƙaƙa gyara, tun da mafi amfanin gyare-gyaren ba su da tsada idan aka kwatanta da kuɗin gini: shafa wa kwano farin fenti mai mayar da hasken rana, shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, buɗe kafofin iska a ƙarƙashin rufi, yi wa tagogin yamma rumfa, da dasa dogon yaro a gefen da rana take faɗuwa. Birnin Ahmedabad na Indiya, mai zafi irin na Sakkwato, ya shigar da farin rufi cikin shirinsa na yaƙi da zafi wanda ya faro a 2013, jihar Telangana kuma ta mayar da shi manufar gwamnati a 2023.

Wurin farawa a bayyane yake. Gwamnatin jihar ita ce babbar mai gina rukunin gidaje a Sakkwato, kuma idan ta sa aka auna kowane gidan da ta gina, aka rubuta darajarsa a cikin takardar da ake miƙa wa mai saye, ta kuma rage kuɗin amincewa da zane ga duk wanda ya cika sharuɗɗan rufi da tagogi na kundin 2017, to dillalai da magina za su koyi sabon ma'aunin ba tare da an tilasta musu ba. Kira ga hukumar tsara birane ta jihar shi ne ta zauna da masanan jami'a da ƙungiyoyin magina da dillalai su fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, wadda mai saye zai iya karantawa a tsaye. Kafin hakan ta samu, duk mai niyyar sayen gida ko kama haya a wannan gari ya je ya ga ɗakin da tsakar rana, fanka a kashe, ya tambayi abin da ke tsakanin kwano da silin, ya duba inda tagogi suke kallo, sannan ya sa abin da ya gani a cikin tayinsa.